Kujerar amintattu ba rawani ba ce, a zo miting ko a sauka

Duk wanda yake Yola a ƙarshen watan Oktoban 2014 ba zai manta da kwanakin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram ba. Mutane suka dinga kwararowa cikin Jimeta, wasu a bayan tifa, wasu a ƙasa ƙafa duk ta kumbura, wasu ma sai da suka tsallaka Kamaru suka kwana a daji kafin su zagayo. Sansanonin Malkohi da Damare ba su ɗauki kowa ba, yawancin mutanen nan a gidajen jama'a suka sauka, gida mai ɗaki uku ka shiga ka rasa inda za ka sa ƙafa. Bishop Stephen Mamza ya buɗe harabar cocin St. Theresa, 'yan Adamawa Peace Initiative da jami'ar Amurka ta Yola (AUN) suna ta rabon abinci, masallatan unguwanni ana ta karo-karo bayan sallar isha'i. A irin wannan yanayin ne ƙananan ƙungiyoyi da yawa suka tsiro, har da wadda nake cikin kwamitin amintattunta yau shekara da shekaru.

Toh da yawa daga cikin ƙungiyoyin nan yanzu sai dai allon suna a jikin bango, fenti ya koɗe, ƙofa da kwaɗo. In ka tambaya za a ce maka kuɗi ne suka ƙare, Turawa sun daina bayarwa. Eh akwai wannan. Amma ni abin da na gani da idona shi ne, tun kafin kuɗin su ƙare ƙungiyoyin sun riga sun mutu daga sama, daga wurin mutanen da aka rubuta sunayensu a matsayin amintattu, waɗanda suka amsa sunan amma ba su amsa aikin ba.

Ga yadda abin yake faruwa. Wani yaro mai zuciya ko wata baiwar Allah da ta ga wahalar mutane ta kasa barci, sai su ce bari mu yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, don mu iya buɗe akawun a banki. Lauya ya ce sai an kawo sunayen amintattu, za a buga su a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Shi kenan sai a shiga farautar manyan sunaye: wani Alhaji ɗan kasuwa, wani tsohon famanan sakatare, wata Hajiya da ake jin maganarta, wani farfesa da ke Abuja wanda rabonsa da garin tun bikin ƙanwarsa. A je a durƙusa a ce ranka ya daɗe sunanka kawai muke so, ba za mu dame ka ba. Wannan kalmar ta "sunanka kawai" ita ce mafarin ciwon. Shi ma babban mutum ya ji ai aikin lada ne kuma babu wahala, ya ba da fasfo da sa hannu, daga ranar ba a sake ganinsa ba sai in za a yi rabon kaya da 'yan jarida.

Wata rana da yamma na raka kodinetanmu gidan ciyaman na wancan lokacin, dattijon kirki ne wallahi, ba shi da kwaɗayin ko sisi. Muna zaune a zaure kan darduma, yaron ya zaro littafin cek daga jaka ya ce "Baba a taimaka a sa mana hannu a ganye biyar, don kar mu dinga tayar da kai kullum." Baba ya gyara gilashi, ya sa hannu a ganye biyar da babu ko adadi a jiki, ya miƙa masa ya ce "Allah ya yi maka albarka ɗana, ai na yarda da kai." Ina wurin, ban ce komai ba, kuma har yau shirun nan yana damuna. Yaron bai saci kuɗi ba, wannan na tabbatar daga baya. Amma bayan wata takwas da masu ba mu tallafi suka turo odita, rasit rabi babu, lissafin buhunan masara a takarda daban abin da ke sito daban, babu takardar miting ko ɗaya da ta nuna kwamiti ya amince da sayen wani abu. Suka rufe aikin. Wanda ya ji a jikinsa ba Baba ba ne, ba ni ba ne, matan da ke jiran masarar ne.

Shi ya sa nake cewa yarda ba ta cire lissafi. Mu da muke alfahari da addini ai mun san labarin ma'aikacin zakkar da ya dawo ya ce wa Manzon Allah (SAW) wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, aka hau mumbari aka ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Sahabi ne fa, amma aka yi masa lissafi a gaban jama'a. Mu kuma yau in ka ce a kawo takardar banki a miting sai a ce kana zargin mutane, ka cika tsaurin ido, ba ka san girman manya ba. Kunya ta hana mu tambaya, kara ta hana mu cewa a'a, alhali dukiyar ba tamu ba ce balle mu yafe, ta marayu ce da zawarawan da aka kashe wa mazaje a Gwoza da Madagali da Michika.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce mutanen nan aikin sa-kai suke, ba albashi ba alawus, da man motarsu suke zuwa, ta yaya za ka tsare su kamar ma'aikata? Kuma babban suna yana buɗe ƙofa, waya ɗaya daga tsohon famanan sakatare tana fito da takardar da za ka yi wata uku kana bi a ma'aikata. Gaskiya ne, mun ci amfanin haka ba sau ɗaya ba. Amma ai akwai kujerar uban ƙungiya, a ba shi ita da girmansa, ya zo taron shekara ya yi jawabi ya sa albarka, ya ɗaga waya ranar da ake buƙata. Amintacce kuwa a idon doka shi ne ƙungiyar, da sunansa aka yi rajista, shi ke da alhakin a kai rahoton shekara CAC, a yi rajistar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, shi za a nema in kuɗi suka bi ta inda bai kamata ba. Kuma a yankin da sojoji suka taɓa rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a watan Satumban 2019, manyan ƙungiyoyin duniya kenan masu lauyoyi, ina ga ƙaramar ƙungiyar unguwa da ba ta da takardun da za ta kare kanta? Rashin albashi ba uzuri ba ne, limamin unguwa ma ba a biyansa amma ba ya fashin asuba ya ce ai sa-kai yake.

Kuma abin da ake nema ba wani dutse ba ne. Miting sau huɗu a shekara, ka karanta takardu kafin ka zo ba a cikin mota a bakin ƙofa ba, mutum biyu su sa hannu a cek bayan an rubuta adadi, ma'aji kada ya zama ƙanin kodineta ko matarsa, wa'adi ya ƙare a sauka a ba wasu. Sannan ko sau biyu a shekara ka taka da ƙafarka zuwa inda mutanen suke, ba ranar rabo ba, ranar da ba a san za ka zo ba.

Wannan na ƙarshen ya fi komai a wurina, don akwai abin da takarda ba za ta taɓa faɗa maka ba. A 2016 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan mata da 'yan mata 43 a sansanoni bakwai na Maiduguri da aka yi lalata da su, kuma waɗanda aka zarga su ne waɗanda aka ɗora wa tsaronsu da kula da su. Duk inda wani ke riƙe da katin abinci, wani kuma yana jin yunwa, wannan ƙofar a buɗe take, ko ƙungiyar ta malamai ce. To in ma'aikacinmu ne ya yi, yarinyar wa za ta gaya wa? Kodinetan da ya ɗauke shi aiki? Dole ya zama akwai mace a kwamiti da matan suka san fuskarta, suke da lambarta, suka san in sun faɗa mata ba za a cire sunansu daga lissafin rabo ba.

Daga nan ne na zo kan maganar da ta fi jawo min surutu a miting, wato su kansu 'yan gudun hijirar su zauna a kwamiti. Ba a kira su su yi godiya a gaban kyamara ba, kujera mai ƙuri'a. Wata shekara mun zauna a ofis mun yanke cewa kekunan ɗinki za mu raba wa mata, aka koya musu, aka yi biki. Bayan wasu watanni na koma unguwar da matan suke, wata dattijuwa da ta dawo daga sansanin Minawao na Kamaru ta shimfiɗa min buhu a ƙofar ɗakinta, keken na jingine a lungu an rufe shi da tsohon zane an ɗora tukunya a kai. Ta ce "Ɗana ba raini ba ne, mun gode Allah mun gode muku. Amma mu goma sha biyu a layi ɗaya kowa da keke, wa zai ɗinka wa wa? Mutanen da ba su ci ba ina suka ga kuɗin atamfa? Da kun tambaye mu da mun ce ku kama mana hayar gona, mu manoma ne tun kakanni." Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu bakwai da digirorinmu babu wanda ya hango abin da ta faɗa a numfashi ɗaya.

Ana ce min ba su yi boko ba, ba za su gane kasafi ba. Wa ya ce? A cikin mutanen da suka gudo akwai hedimastoci, akwai malaman asibiti, akwai 'yan kasuwar da suka juya miliyoyi a kasuwar Mubi da ta garin Banki kafin a ƙone musu shaguna. Wadda ba ta iya Turanci ba kuma sai a yi miting ɗin da Hausa ko Fulatanci, dama Turancin don wa muke yi? Ana kuma cewa za su fifita danginsu. Wannan haɗari ne na gaske, amma maganinsa ɗaya ne da na Alhajin da ke son a sayi masara a shagonsa: in magana ta shafe ka ka faɗa, ka fita waje a yanke.

Yanzu kuma lokaci ya ƙure mana. Tun ranar 20 ga Janairun 2025 da Trump ya dakatar da tallafin Amurka na ƙasashen waje, daga baya aka rushe hukumar tallafin Amurka USAID gaba ɗaya, ayyuka suka dinga tsayawa ɗaya bayan ɗaya, har hukumar abinci ta duniya WFP ta yi gargaɗi a tsakiyar shekarar cewa mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas za su iya rasa tallafinta. Tun 2016 a taron agaji na duniya a Istanbul manyan masu ba da tallafi suka yi alkawarin kashi 25 cikin ɗari na kuɗin agaji zai dinga zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida kafin 2020, ba su cika ba, kuma hujjar da suka fi kawowa ita ce ba mu da tsari. Rabin wannan hujjar son kai ne, suna so kuɗin su ci gaba da bi ta ofisoshinsu. Amma ɗaya rabin mu muka ba su da hannunmu, da cek ɗin da babu adadi. In Turawa sun janye, abin da ya rage shi ne zakka da wakafi da aljihun 'yan kasuwarmu, shi kuwa ɗan kasuwa ya fi Bature tambaya, ba zai ba ka buhu ɗari ba sai ya san inda goman bara suka shiga. Haka abin yake a Maradi inda mutanen Zamfara da Sokoto suka tsallaka tun 2019, haka a Diffa, kowace ƙungiyar gari za ta tsaya ne da ƙafar kwamitinta.

A namu kwamitin mun rubuta wa mutum biyu da suka yi shekara biyu ba su zo ba, cikin ladabi, muka roƙe su su koma iyayen ƙungiya. Ɗaya ya ji haushi ya daina amsa gaisuwata, ɗayan ya kira ya ce dama nauyin yana damunsa. Kujerun biyu mun bar wa mutanen unguwar su zaɓa da kansu, mace ɗaya namiji ɗaya, suka zaɓo dattijuwar nan mai keke da wani tsohon malamin firamare daga Madagali. Mun sa kuɗin Keke Napep ɗinsu na zuwa da komawa a cikin kasafi, mun dawo da miting daga dare zuwa bayan la'asar don ta samu ta koma gida da haske. A zamanta na farko ta sa an karanto mata lissafin sito sau biyu, sannan ta tambayi wa ke riƙe da makullin.