Taurarin Intanet Ba Za Su Maye Gurbin Masu Sharhi Ba

Tun da kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya sanar a watan Agustan 2025 cewa zai daina fitar da sharhin littattafai na mako-mako, bisa hujjar cewa masu karantawa ba su da yawa kuma aikin yana cin lokaci, nake ta jin wasu suna cewa ai ba a yi asarar komai ba, tunda yanzu kowane mai karatu yana iya shiga Goodreads, shafin intanet na masu karatun littattafai, ko kasuwar intanet ta Amazon, ya ba littafi maki da taurari. Wannan maganar ta fi matakin kamfanin ba ni haushi, domin ta nuna an manta da aikin mai sharhi tun kafin a sallame shi.

Mai sharhi na gaske yakan karanta littafi daga bango zuwa bango, ya gwada shi da waɗanda suka gabace shi, ya nuna inda zaren labarin ya tsinke ko inda hujja ta yi rauni, sannan ya sa sunansa a ƙasa don a kama shi idan ya yi zalunci. Mai danna tauraro kuwa ba a ma tambayarsa ko ya taɓa buɗe littafin. A watan Yunin 2023 marubuciyar Amurka Elizabeth Gilbert ta janye wani labari nata da bai riga ya fito ba, bayan ɗaruruwan mutane sun yi masa ruwan tauraro ɗaya a Goodreads saboda kawai labarin ya faru ne a Rasha. An yanke wa littafin hukunci tun ba a kai shi kasuwa ba, amma har yanzu ana kiran wannan da sunan ra'ayin masu karatu.

A tuna kuma cewa tun 2013 Goodreads mallakar Amazon ce, wato mai sayar da hatsin shi ke riƙe da mudun. Kamfanin da ribarsa ta dogara ga yawan abin da aka saya ba shi da dalilin gaya wa mai saye ya ajiye kuɗinsa. Littattafan da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira sun yi yawan da a watan Satumban 2023 Amazon ta taƙaita wa masu buga nasu da kansu littattafai uku a rana, adadin da shi kansa abin dariya ne ga duk wanda ya san wahalar rubuta babi guda. A lokacin da aka fi bukatar mai tantancewa, a lokacin ake sallamarsa. Sakamakon ya bayyana a watan Mayun 2025, sa'ad da jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da ta ce a karanta, alhali 10 daga ciki babu su a duniya, na'ura ce ta ƙirƙiro su ta jingina wa marubuta na gaske, kuma babu editan da ya lura.

Masu cewa tsofaffin masu sharhi 'yan gaban goshin juna ne da ke yabon abokansu suna da ƙanshin gaskiya, sai dai maganin alƙali mai son kai bai taɓa zama rufe kotu ba.

Marubutan ma ba su kuɓuta daga laifi ba. Da yawansu yabo suke nema, sukan ɗauki gyara a matsayin hassada, shi ya sa bayan kowane littafi ya cika da kirarin da abokai suka rubuta. Idan har masu buga littattafai da jami'o'i da gidauniyoyin adabi sun damu, to su ware kuɗi su riƙa biyan masu sharhi a mujallun da ba sa ƙarƙashin masu sayarwa, su kuma jure idan sharhin ya faɗo a kan littafinsu.