Kowace Rana da Abincinta, Amma Wa Ya Ci?

Duk wanda ya duba kalandar Amurka ta watan Nuwamba zai rantse mutanen ƙasar nan ba su da wata sana'a sai ci. Ranar 3 ga wata ta sanwic ce. Ranar 14 ta kokwambar da aka jiƙa a ruwan tsami. Ranar 26 ta kek, 28 kuma ta burodin da ake tsomawa cikin ƙwai a soya. Kafin ka farfaɗo an shiga Disamba, 4 ga wata ranar biskit. Ba a hutu domin ko ɗaya daga cikinsu, ba kuma wata doka ce ta kafa su ba. Yawancin irin waɗannan ranaku 'yan kasuwa ne da masu talla suka haife su. Har akwai wani kamfani a jihar Dakota ta Arewa, wanda ya fara aiki a 2013, da sana'arsa ke nan: tattara ranakun da rajistar sababbi. Abin da ranar take nema a wurinka bai wuce ka je ka saya ba, in ka dace da rangwame ka gode Allah, ka ɗauki hoto ka ɗora a Instagram.

Ban ce kwaɗayin da ke bayan abin na ƙarya ba ne. A nan Minnesota inda nake zaune, Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa guda, kuma kafin ƙarshen watan magariba na yi ne wajen ƙarfe huɗu da rabi. Ka fita aiki da duhu, ka dawo da duhu, itatuwa sun kaɗe tas, sanyi na ratsa safa biyu. A irin wannan yanayi ciki ba ya son ganye-ganye, abu mai nauyi da zafi yake nema, musamman wanda mutum ya tashi ya ga ana dafawa a gidansu. Na mutanen nan shi ne niƙaƙƙen nama da kayan lambu da miyar gwangwani, a jera ƙananan curin dankalin Turawa a sama a gasa. Ga kuma miyar kaza da baƙar shinkafar tafki, wadda mutanen Ojibwe, 'yan asalin yankin, suke girbewa cikin kwalekwale tun kafin zuwan Turawa. Jikokin mutanen Norway da Suwidin kuwa a wannan lokaci suke cika ɗakunan taron coci-coci domin cin wani busasshen kifi da ake jiƙawa a ruwan toka har ya yi laushi yana rawa a faranti. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta taɓa gaya mini cewa ita kanta bai yi mata daɗi ba, amma ba ta fashin zuwa, saboda warinsa warin kicin ɗin kakarta ne. Mu da ke ɓoye daddawa cikin leda uku a akwatin tafiya ba mu da bakin yi mata dariya.

Ni ma haka nake yi. Da zarar bikin Halowin ya wuce a ƙarshen Oktoba, kabewar da aka jera a ƙofar gidaje don ado sai ta zama abincin kurege ko ta tafi bola. Abin yana sosa mini rai, duk da dai manyan nan da suke sassaƙawa ruwa ne zalla, ba sa yin miya. Ƙananan nake saya, masu kauri. Man gyaɗar shafa burodi, wanda ba a sa wa sukari ba, shi ke tsayawa a madadin markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Alayyafo na firiza ne. Daddawa daga shagunan 'yan Afirka ta Yamma na garin Brooklyn Park da ke nan Minnesota. Yakuwa ce ta fi ba ni mamaki, domin a wurin mutanen ƙasar Bama (Myanmar) mazauna birnin St. Paul na same ta, ashe su ma miyarsu ce ta yau da kullum. In miyar taushen ta haɗu, na tuƙa tuwon shinkafa, man shanu ya narke a kai, hankalina yakan kwanta. Sai dai ni kaɗai nake ci, ko ni da yara, ƙofa a kulle, kuma nan ne inda nake da magana.

A gida, ranar abinci ba a gane ta da abin da ka ci, ana gane ta da abin da ya fita daga gidanku. Ranar Sallah tun kafin a sauko daga idi yara sun fara zirga-zirga da kwanuka, wannan na gidan Malam, wannan na gidan Gwaggo, kuma kwano ba ya dawowa wayam. Naman layya rabo ake yi. Ranar suna mai jego na da kaurinta da kunun kanwarta, amma unguwa gaba ɗaya ke cin waina. Ko daren cika-ciki na watan Muharram, wanda sunansa ma ƙoshi yake nufi, da tsofaffi ke fito da abin da suka adana na layya, ba a yarda wani ya kwana da yunwa a kusa ba, almajiri ma ya san daren nasa ne. Kowa ya ci shi kaɗai, in ji Bahaushe, shi kaɗai zai mutu. Ranar kek ba ta ɗora wa kowa haƙƙin kowa, shi ya sa in ta wuce ba wanda ya san ta zo.

Waɗannan ranakun namu da watan Musulunci suke tafiya, suna matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, don haka Sallah takan faɗo a zafi, takan faɗo a damina. Abin da yake daidai da Nuwambar Amurka a wurinmu shi ne kaka, kuma kaka ba rana guda ba ce. Gero ne ke fara buɗe ƙofa, yara su gasa tumu, a dama furar sabon gero mai ƙamshin da ba za ka same shi a watan Maris ba. Sai dafaffiyar gyaɗa da gurjiya su cika tire a bakin hanya, sai dankali, sai wake da dawa su biyo baya daidai lokacin da hazo ya fara sauka, rake ya shigo kasuwa. Da safe a zauna bakin murhu a ci ɗumamen tuwon jiya, wanda duk mai gaskiya ya san ya fi na daren daɗi. Daɗin abincin kaka ba daga sanyi kaɗai yake zuwa ba. Daga abin da ya gabace shi ne: tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, ana lallaɓawa da tafasa da rama da ɗan tsaki. Wanda ya ratsa watan Agusta a ƙauye ba ya bukatar kalanda ta gaya masa ya yi murna da dami.

Kuma kakar ma da nata haƙƙin take zuwa. Manomin da amfaninsa ya kai nisabi zai fitar da dami ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar, rabin haka in ban-ruwa ya yi. Mata da yara su bi gona kala bayan an kwashe, mai gona ba ya korarsu. Samari da 'yan mata su yi kalankuwa, mahauta su ɗaure hannu su shiga dambe ƙauye-ƙauye, 'yan kokawa su fito, a ɗaura auren da aka daɗe ana ɗagawa sai kaka.

Rana guda ce a Nuwambar Amurka nake cire wa hula, ita ce Ranar Godiya, Alhamis ta huɗu a watan. Labarin da ake koya wa yara a makaranta na shekarar 1621 ne, lokacin da Turawan Ingila kimanin 50 da suka tsira daga hunturun farko a Plymouth suka yi kwana uku suna ci tare da mutanen Wampanoag, 'yan asalin wurin, kusan 90, waɗanda suka kawo barewa biyar. Abin da ya biyo bayan wannan zama ga 'yan asalin ƙasar ba daɗin ji, shi ya sa tun 1970 wasunsu ke taruwa a Plymouth a wannan rana suna zaman makoki. Ranar ba ta zama ta ƙasa duk shekara ba sai a 1863, da Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana ta ana tsakiyar yaƙin basasa, bayan wata editar mujalla, Sarah Josepha Hale, ta shafe shekaru tana rubuta wa shugabanni wasiƙu a kai. Ita ma kasuwa ba ta ƙyale ta ba. A 1939 Shugaba Franklin Roosevelt ya matso da ita da mako guda domin masu kantuna su samu ƙarin kwanakin cinikin Kirsimeti, jihohi da dama suka ƙi bi, aka yi ta bukukuwa biyu, har majalisa ta tsayar da magana a 1941. Gasasshen koren waken da ke kan tebura da yawa a ranar, wata ma'aikaciyar kamfanin Campbell ce, Dorcas Reilly, ta ƙirƙiro shi a 1955 da miyar gwangwanin kamfanin. Washegari kuma, Juma'a, mutanen da suka gama godiya jiya su ne a layin kantuna tun asuba.

Duk da haka ranar na da abin da sauran ba su da shi: tana tilasta wa mutum. Ɗa zai taso daga Kalifoniya ya zo ya zauna da uwarsa ko da shekara guda ba su yi doguwar magana ba, filayen jirgi su cika maƙil. Coci-coci da masallatai da rumbunan agaji su yi ta rabon talotalo, wanda shi ne naman ranar, da kayan gwangwani. Wanda aka san ba shi da kowa a gari, kamar mu, sai an gayyace shi. Gayyatar dai irin tasu ce, da mako biyu za a tambaye ki ku nawa ne, me za ki kawo, domin kujeru a ƙirge suke. Da na ba Inna labari a waya sai ta ce, "To in baƙo ya yi sallama fa, 'yar nan?" Na ce, "Inna, nan baƙo ba ya sallama sai da alƙawari." Ta daɗe tana salati. Amma da za mu tashi, sai da matar gidan ta cika mana robobi da saura, har da na yara na makaranta. Wannan kam na gane shi.

Talotalon kansa ba zan yi masa ƙarya ba, namansa a bushe yake, sai an yi masa wanka da romo. Minnesota ce kan gaba wajen kiwonsa a Amurka, fiye da miliyan 30 a shekara, kuma mai son na halal sai ya ba da saƙo da wuri a shagunan 'yan Somaliya. Shekarar da na dafa nawa, yanka shi na yi gunduwa-gunduwa na yi farfesu da citta da kanumfari da masoro.

Kada kewar gida ta sa in yi son kai. Akwai abin da suka fi mu. Ranar Godiyar nan tana samar wa manomi kasuwa: mai noman kabewa a Illinois da mai noman kiranberi, wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami, a Wisconsin sun san watan da kayansu za su tashi, sun san mai saye tun kafin shuka. Namu manomin a kaka yake sayar da hatsinsa da arha saboda bashi da hidimar biki, 'yan kasuwa su tara a sito, sannan ya dawo da damina ya sayi abin da ya noma da tsada. A wasu yankunan Zamfara da Katsina ma sai an biya 'yan bindiga kafin a shiga gona girbi. Kalankuwa ta ja baya a wurare da yawa. Kakar da nake yabo, rabinta ta ƙuruciyata ce, na sani.

Shi ya sa ba na cikin masu cewa mu ma mu ƙirƙiro ranar tuwo ko ranar ɗanwake a intanet, kamar yadda ake ranar dafa-duka duk 22 ga Agusta. Mu na waje ne za mu fi kowa rawar kai a kanta, mu cika Facebook da hotunan malmala, alhali wanda ya noma dawar bai san ana yi ba. In muna son mu yi wa Nuwamba wani abu daga nan, lissafin a fili yake: kuɗin da za ka tura gida a kaka ya fi sayen hatsi da yawa a kan wanda za ka tura a Yuli. Mu 'yan matan unguwa da muke adashe a nan mun mayar da kwasar watan Nuwamba ta hatsi. Ana tura wa wani amintacce, ya sayi gero da masara da wake a hannun manoma kai tsaye ba tare da ya danne musu farashi ba, a zuba waken a jarkoki a toshe saboda ƙwari, a ajiye. Ba a buɗewa sai ruwa ya zauna, sannan a bi gidajen zawarawa da marayu da tiya.