Zaibar zinariya ba ta tsaya a kan ɓera ba

Wani labari da na karanta ya ce ƙarafa masu guba da ke cikin ƙasa suna taruwa a hanta da ƙodar ƙananan namun daji, gaskiya ne, amma bai taɓo inda abin ya fi ciwo a nan Sudan ba, wato wuraren wankin zinariya. Na yi aiki a kasuwar niƙan dutse wajen Abu Hamad, da idona na ga ana murza zaiba da garin dutsen da hannu a cikin baho don ta kama zinariyar, a ƙona ta a sarari, ragowar ƙasar da ake kira karta a tara ta tuli-tuli, iska na kwasa. Gindin tulin nan ɓeraye ke haƙa ramuka, bushiya na bin ƙwari a wurin da dare. Ɗan'uwa mai cewa "ɓera ne kawai, mene ne abin damuwa", to mujiya da shaho da yanyawa shi suke ci, yaranmu kuma suna farautar zomo su gasa. A Zamfara a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara. Wa zai zo ya auna ƙasar da ke kusa da gonakinmu na bakin Nilu?