Maƙabartar Chasselay da Batun Rubuta Sunayen Waɗanda Yaƙi Ya Ci

Da wuya mutum ya shiga wani ƙauye a Faransa bai tarar da dutsen tunawa da mamatan yaƙi a tsakiyar gari ba, ko dai a gaban ofishin magajin gari ko kuma kusa da coci. An gina mafi yawansu ne tsakanin 1920 da 1925, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye wa ƙasar sojoji kimanin miliyan 1.4, kuma yawansu ya haura 30,000. Dokar 25 ga Oktoba, 1919 ta tanadi ɗan tallafi daga gwamnati, amma mutanen gari ne suka yi karo-karo suka biya kaso mafi tsoka. A kan duwatsun an sassaƙa sunayen 'ya'yan garin da suka tafi ba su dawo ba, sau da yawa bisa jerin haruffa ba tare da an ambaci muƙami ba, ta yadda ɗan manomi da ɗan attajiri suke layi ɗaya. Duk ranar 11 ga Nuwamba ana taruwa a wurin, kuma a garuruwa da dama 'yan makaranta ne ke karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya.

Ƙauyen da nake son mu tsaya a kansa shi ne Chasselay, wanda tsakaninsa da birnin Lyon bai kai kilomita 20 ba. Abin da ya fitar da sunansa wata maƙabarta ce a bayan gari, a tsakiyar gonaki, mai jan bango da dogayen hasumiyoyi masu tsini, wadda duk wanda ya san ginin ƙasa na Mali ko na Agadas zai gane inda aka kwaikwayo ta. Ana kiran ta Tata. A cikinta akwai kaburbura 196, kuma 188 daga ciki na sojojin Afirka ta Yamma ne. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka haifa a garin, amma mutanen garin ne suka fara ɗaukar su a matsayin mamatansu.

A watan Yunin 1940 sojojin Hitila sun riga sun karya ƙashin bayan Faransa. Ranar 17 ga wata Marshal Pétain, sabon shugaban gwamnatin Faransa, ya yi jawabi ta rediyo cewa dole a daina faɗa, washegari kuma aka ayyana Lyon a matsayin birnin da ba za a kare ba. Duk da haka aka umarci runduna ta 25 ta sojojin da Faransawa ke kira Tirailleurs Sénégalais da ta tare hanyoyin da ke arewacin birnin. Sunan Senegal kada ya ruɗi mai karatu, domin ana ɗibar waɗannan sojoji ne daga dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa, har da Mali da Gini da Burkina Faso da Nijar na yanzu. Ranar 19 ga Yuni aka gwabza a Montluzin, wani gidan mata 'yan zuhudu na cocin Katolika, washegari kuma aka ci gaba a wani babban gida da ake kira Plantin, har harsashi ya ƙare wa masu tsaron wurin suka miƙa wuya. Jamusawa suka tasa fursunonin a gaba, da aka iso wani fili mai suna Vide-Sac sai suka ware farare gefe guda, suka ce wa baƙaƙen su shiga gona, sannan tankoki suka buɗe musu wuta da bindigogi masu jigida, suka bi ta kan waɗanda ba su ƙarasa ba. Mutum kusan 50 aka kashe a wannan fili kaɗai. Kyaftin ɗinsu Bafaranshe, Gouzy, ya yi ƙoƙarin hanawa, aka harbe shi a ƙafa. Kwana biyu bayan haka aka sa hannu a takardar tsagaita wuta.

Wannan kisa ba hatsarin fagen fama ba ne. Farfagandar 'yan Nazi ta daɗe tana cusa wa sojojinsu cewa baƙar fata ba cikakken mutum ba ne, kuma masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa sojojin Afirka tsakanin 1,500 zuwa 3,000 aka yi wa irin wannan kisan gilla a watannin Mayu da Yuni na shekarar. A Airaines da ke arewacin ƙasar an harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan asalin Gabon, saboda ya nemi a ɗauke shi a matsayin hafsa kamar sauran hafsoshi.

Inda labarin Chasselay ya bambanta shi ne abin da ya biyo baya. Mutanen ƙauyen, waɗanda su kansu suna cikin fargabar sojojin mamaya, suka fita suka tattara gawarwakin suka binne, 'yan zuhudun da wata mai sayar da magani a garin suka kula da waɗanda suka ji rauni, aka kuma adana abin da aka samu na takardu da lambobin shaida. Daga baya wani tsohon soja mai suna Jean Marchiani, wanda yake riƙe da ofishin 'yan mazan jiya na lardin, ya ɗauki lamarin a wuyansa. Gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Pétain mai haɗa kai da Jamusawa, ba ta ɗauki nauyin aikin ba, sai ya sayi filin ya nemi gudummawar jama'a, ya sa aka tono gawarwakin da aka binne a warwatse a ƙauyukan kewaye aka haɗa su wuri ɗaya. An buɗe maƙabartar ranar 8 ga Nuwamba, 1942, kwana uku kafin Jamusawa su mamaye kudancin Faransa gaba ɗaya. Da aikin ya yi jinkirin mako guda, da wuya a ce za a bari a yi bikin. Sai a 1966 gwamnatin Faransa ta karɓi wurin a matsayin maƙabartar ƙasa, wato bayan shekara 24.

Kada a ɗauka ina wanke Faransa ne. Da yawa daga cikin waɗannan samari ba da son ransu suka tafi ba, an ɗora wa sarakuna da masu gari adadin da za su kawo ne, su kuma suka kamo 'ya'yan talakawa. Ƙasar da suka mutu dominta ita ce ta buɗe wa 'yan uwansu wuta a barikin Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba, 1944, saboda sun nemi haƙƙinsu na albashi, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin da sunansa na kisan kiyashi. Ita ce kuma ta daskarar da fanshon 'yan mazan jiya na Afirka tun daga 1959, suka tsufa suna karɓar abin da bai kai cikin cokali ba idan aka kwatanta da na takwarorinsu Turawa. Shi kansa ginin na Chasselay yana da abin cewa, domin an sassaƙa fuskokin dodanni a ƙofarsa, alhali da yawa daga cikin waɗanda ke kwance a ciki Musulmi ne da ba za su so haka ba. Afirka ce irin wadda Bature ya zana a ransa. Sai dai duk wannan laifin hukuma ne da na zamanin, kuma bai rage komai ba daga aikin manomin da ya ɗauki shebur ya binne baƙon da bai san yarensa ba.

Abin da ya fi damuna a wannan maƙabarta shi ne kaburburan da aka rubuta wa cewa ba a san mai su ba, kuma suna da yawa. A 2019 aka gano wasu hotuna takwas da wani sojan Jamus ya ɗauka a ranar kisan, waɗanda suka nuna cewa rundunar tankoki ta 10 ta sojojin Jamus ce ta aikata, saɓanin abin da aka daɗe ana faɗa cewa dakarun SS ne, wato rundunar musamman ta jam'iyyar Nazi. Binciken masanin tarihi Julien Fargettas a cikin tsofaffin takardun soja ya sa a watan Janairun 2022 aka kafa alluna ɗauke da sunayen mutum 25 da suka mutu a yankin ba tare da an san kabarin kowannensu ba. Shekara 81 ke nan da 'yan kai. A cikin wannan tsawon lokaci iyayensu mata sun mutu suna jira, matansu sun yi wani aure ko sun tsufa ba su san ko takaba za su yi ba. An iya gano sunayen ne kawai saboda wani magatakarda ya rubuta su a rajista tun lokacin da aka ɗauki mutanen aikin soja. Inda ba a rubuta ba, duk ƙwazon mai bincike ba zai fito da komai ba.

A nan ne maganar ta dawo gida. Dubban 'yan Arewacin Najeriya sun yi Yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce harshen da ake magana da shi a barikin sojan Najeriya na wancan zamani. Waɗanda suka mutu can ba a ga gawarsu ba, sunayensu suna cikin kusan 27,000 da aka sassaƙa a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun a ƙasar Bama, inda jikokinsu ba za su taɓa zuwa ba. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya ma ba su samu haka ba, domin a watan Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amince cewa aƙalla mutum 116,000, mafi yawansu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, har ministan tsaron Birtaniya ya nemi afuwa a majalisa. Muna iya yin fushi da wannan, kuma fushin yana bisa hanya. Amma a tambayi dagacin kowane gari a ƙasar Kano ko Katsina ko Damagaram ya kawo jerin 'ya'yan garinsa da suka tafi yaƙin Hitila ba su dawo ba, a ga abin da zai fito da shi. Bikin tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu da ake yi a Abuja da manyan biranen jihohi na ajiye furanni ne a gaban sojan da ba a san shi ba, ba ya kai suna ko ɗaya zuwa ƙauyen da aka haifi mai shi. Satiru kuwa, ƙauyen da ke kusa da Sakkwato wanda sojojin Ingila suka rushe a watan Maris na 1906 suka kashe mutum wajen 2,000, an hana sake zama a cikinsa, kuma adadin ne ya rage a littattafai.

Na san abin da wasu za su ce, cewa wannan al'adar Nasara ce, mu addu'a da sadaka muke yi wa mamatanmu, kuma an hana gini a kan kabari. Hanin gaskiya ne, yana cikin hadisi ingantacce, kuma ba na kiran kowa ya kafa gunki ko ya ɗaga hasumiya a maƙabarta. Amma adana suna daban yake da gina kabari. Malaman sira irin su Ibn Hisham sun jera sunayen shahidan Badar su 14 da na Uhudu su kimanin 70, kowa da sunan mahaifinsa da ƙabilarsa, shi ya sa bayan fiye da shekara 1,400 ɗalibi a Zariya zai iya karanto su. Manzon Allah (SAW) ya ajiye dutse a kan kabarin Usman bn Maz'un domin ya riƙa gane shi, kuma yakan ziyarci shahidan Uhudu. Wasu kuma za su ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, tono irin wannan zance fami ne kawai. Ina ganin wannan ya fi zama hutu ga waɗanda ba su rasa kowa ba. Uwar da aka kashe wa ɗa ba ta bukatar allo kafin ta tuna, mu sauran jama'a ne muke bukatarsa.

Kuma ba sai mun koma 1940 ba. Ranar 28 ga Nuwamba, 2020 aka yi wa manoman shinkafa na Zabarmari yankan rago a gonakin Koshebe da ke jihar Borno, washegari aka yi jana'izar mutum 43. Duk wanda yake bin labarai ya riƙe adadin, amma mutum nawa ne a wajen garin za su iya kawo suna uku? Haka ake ji kullum daga Zamfara da Katsina da Sakkwato da Tillaberi da Diffa: an kashe 20, an kashe 60, hukuma ta faɗi nata adadi, mutanen gari su faɗi nasu, bayan mako guda wani labarin ya danne. Muddin adadi ne kawai, kowa na iya rage shi ko ya ƙara. Jerin sunaye kuwa, da sunan uba da unguwa, ba ya musantuwa cikin sauƙi, kuma shi ne hujjar maraya ranar da za a yi maganar diyya ko gado ko shari'a.

Aikin bai fi ƙarfin ƙauye ba, kuma jiran gwamnati a kansa ɓata lokaci ne, kamar yadda shekara 24 na Chasselay suka nuna. Liman ya san waɗanda ya sallata, mai unguwa ya san gidajensu, malamin firamare yana da alƙalami. Littafi mai bangon kwali guda ɗaya ya isa a fara: sunan mamaci, sunan mahaifinsa, shekarunsa, sana'arsa, ranar da aka kashe shi da wurin, da waɗanda ya bari. A yi kwafi biyu, ɗaya a gidan dagaci ɗaya a masallacin Juma'a, a kuma ɗauki hoton shafukan da waya a aika wa 'yan garin da ke zaune a birni, saboda garuruwan da ake kai wa hari ana ƙona su har da takardunsu. Garin da ya samu hali daga baya yana iya rubuta sunayen a bangon makaranta ko na ɗakin taro, nesa da maƙabarta, inda babu wata shubuha. Na Yaƙin Bama sun fi gaggawa, domin 'ya'yan waɗanda suka tafi yanzu sun haura shekara 80, kuma su ne na ƙarshe da suka ji sunayen daga bakin iyayensu mata.