Ba kowane aikin zuciya ne ake tsaga ƙirji ba

A Garwa ko Marwa, da likita ya ce bawul ɗin zuciyar tsoho, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya, na yoyo, sai 'ya'ya su ce Baba ba zai jure wa tiyata ba, a koma gida. Gaskiya tsaga ƙirjin ɗan shekara 80 akwai haɗari. Amma idan bawul ɗin mitral ne, na ɓangaren hagu na zuciya, akan zura siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin zuciya, a maƙala ɗan ƙarfe, MitraClip, ya haɗe leɓɓan bawul ɗin, zuciya na bugawa abinta. Amurka ta amince da shi a 2013. Yoyon yake ragewa, haki ya sassauta. Sai dai bawul ɗin da zazzaɓin rumatik (mai biyo bayan ciwon makogwaro) ya tsuke, wanda ake yawan gani a nan, bai dace da shi ba, hoton zuciya ke raba gardama. Kuɗinsa kuwa ba a magana.