'Yan wasan zari-ruga na gasar gundumomi a Ingila ba albashi suke ci ba

Mutane da yawa sun ɗauka duk wanda ke buga zari-ruga a wata gasa a Ingila kuɗi yake kwasa, kamar 'yan ƙwallon Firimiya. Ba laifinsu ba ne, domin manyan wasanni kaɗai ake nunawa a talabijin. Amma abin ba haka yake ba.

Gasar ta kasu mataki-mataki. A sama ake da ƙwararru masu albashi. Gasar gundumomi kuwa, irin ta Yorkshire, tana can ƙasa, daga mataki na bakwai. Masu buga ta kowa da sana'arsa: makaniki, malamin makaranta, manomi. Atisaye da yamma bayan an tashi aiki, wasa ranar Asabar. Mai gyaran famfo da ya sha karo cikin laka ranar Asabar, Litinin da sassafe yana bakin aikinsa da tsamin jiki. Galibi ma shi ke biyan kulob kuɗin zama mamba, masu shata layin fili da wanke riguna kuma aikin sa kai suke yi. Akwai dai kulob ɗin da kan ɗan ba da na mota.

Wannan ya samo asali tun da daɗewa. Hukumar wasan ta Ingila, wadda aka kafa a 1871, ta hana biyan 'yan wasa. A kan haka kulob-kulob na arewacin ƙasar suka ɓalle a 1895 suka kafa nasu salon, wanda a 1906 ya koma mai 'yan wasa 13 maimakon 15. Sai a 1995 aka halasta biyan albashi, kuma kuɗin yawanci a manyan kulob suka tsaya.