"Allah ya isa" ba ta shiga fayil ɗin kotu

Kowa dai ya ga bidiyon nan na wariyar da ake nuna wa ma'aikata 'yan ƙasa a kamfanin nan na Idu a Abuja, ba sai na maimaita ba. Kun ga wurin cin abinci biyu, ɗaya da fanka da kujeru na baƙi, ɗaya benci a ƙarƙashin rumfar kwano na 'yan ƙasa. Kun ji sunan dabbar da shugaban sashen ya kira wani yaro ma'aikaci da shi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ƙarshen bidiyon, inda yaron ya cire katin aikinsa daga wuya, ya jefar a ƙasa, ya ce ya bar su da Allah, ya fice daga get. Ku kuma kuka cika shafi da tafi. Jarumi! Ɗan halak! To madalla, jarumin ya tafi gida ba takardar ɗaukar aiki, ba takardar sallama, ba ko katin da zai nuna cewa ya taɓa aiki a wurin. Lauyan kamfanin nan, in ya kalli bidiyon, barci zai yi har da minshari, domin a takarda abin da ya faru shi ne ma'aikaci ya yi watsi da aikinsa da kansa.

Allah yana isar wa wanda aka zalunta, wannan ba abin musu ba ne. Amma wanda ya koya mana tawakkali shi ne ya ce a ɗaure raƙumi tukuna. Igiyar raƙumi a wannan sha'ani takarda ce. Alƙali ba ya karanta sharhin Facebook, ba ya ƙirga mutum nawa suka yi Allah wadai. Abin da aka ajiye a gabansa yake dubawa.

Na ga masu rubuta cewa ai Najeriya ba ta da dokar hana wariyar launin fata a wurin aiki. Wa ya faɗa muku? Gaskiya ne babu wata doka guda ɗaya mai wannan suna, kuma Dokar Ƙwadago da muke amfani da ita tun shekarun 1970 ba ta ce uffan a kan launin fata ba. Gaskiya ne kuma sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda kowa ke ambata, yana magana ne a kan ƙabila da wurin asali da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, kuma lafazinsa ya fi karkata ga doka da aikin gwamnati, shi ya sa lauyan kamfani mai zaman kansa zai miƙe ya ce bai shafe su ba. Wanda ya tafi kotu da sashe na 42 shi kaɗai ya tafi yaƙi da sanda. Amma tun da aka yi wa Kundin gyara na uku a 2010, labari ya sauya. Sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon da babu wata kotu da ke tarayya da ita a kai, kan duk rigimar da ta shafi aiki, kuma ya ambaci wariya a wurin aiki da sunanta, ya ambaci rashin adalci ga ma'aikaci, ya ba kotun damar aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. Daga cikinsu akwai yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1958, Najeriya ta amince da ita a 2002, kuma ita ta lissafa launin fata da asalin ƙasa ƙarara. Ga kuma Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam, wadda ta zama dokar ƙasa a nan, sashenta na 2 ya hana wariya ta launi ko ƙabila, na 15 ya ce aiki iri ɗaya albashi iri ɗaya. Ƙa'idojin kotun na 2017 ma sun ware oda ta 14 musamman domin ƙarar wariya da cin zarafi a wurin aiki. Kotun tana nan Garki a Abuja, tana da reshe a Jos. Doka tana nan, hujja ce ba ma kai mata.

To wace hujja? A nan nake so mu daɗe, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Takardar ɗaukar aiki ita ce uwa. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai kamfani ya ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce kafin wata uku su cika da fara aiki. Da yawa ba sa bayarwa, mu kuma ba ma tambaya, wai kada a ce mun cika tsiya. In ba a ba ka ba, katin aiki da alat ɗin albashi na banki da bayanan asusun fanshonka su ne za su tsaya maka, saboda haka ka yi musu fotokwafi ka ajiye a gida, kada ka bar su a durowar ofis da za a kulle ranar da aka kore ka. Wanda ake biya kuɗi a hannu ya riƙa ɗaukar hoton takardar da yake sa hannu a kai duk ƙarshen wata. Sannan ka duba sunan da ke fitowa a alat ɗin. Sau da yawa za ka ga ba sunan kamfanin da kake yi wa aiki ba ne, sunan wani ɗan kwangilar kawo ma'aikata ne. Wannan dabara ce ta cewa ba mu muka ɗauke shi ba. Maganinta a haɗa su biyun a ƙara, a nuna wa ke ba da umarni, wa ke raba aiki, wa ke hukunci, domin kotun tana duba ainihin yadda ake aikin fiye da abin da aka rubuta.

Sai ƙaramin littafi, irin na 'yan makaranta ɗin nan. Duk ranar da aka yi abu ka rubuta kwanan wata, da ƙarfe nawa, da wurin, da ainihin kalmar da aka faɗa da harshen da aka faɗe ta, da waɗanda ke tsaye. "Kullum yana zaginmu" ba ta da nauyi a kotu. "Ranar kaza, bayan azahar, a bakin sito, ya kira ni kaza a gaban wane da wane" ita ce ke sa lauyan kamfani ya fara gyara zama.

Sannan ka sani, wariya kwatance ce. Dole ka nuna wani da kuke aiki iri ɗaya, mataki ɗaya, amma ana fifita shi ba don ilimi ko ƙwarewa ba. Kamfani zai ce baƙon ya fi ka takardun karatu, ko ya ce bambancin kuɗin gida ne da na jirgi. Saboda haka ka tsaya a kan ainihin albashi, da ƙarin girma, da horo, da irin hukuncin da ake yi muku in kun yi kuskure iri ɗaya. In kai ka koya masa aikin, ka nemo saƙon da ke nuna haka. Ka kuma tuna izinin da Ma'aikatar Cikin Gida ke ba kamfani na kawo baƙi yana tafe da sharaɗin a haɗa baƙon da 'yan ƙasa masu koyon aikinsa domin su gaje shi. In shekaru sun wuce babu mai koyo, wannan ma ƙorafi ne mai zaman kansa. Amma don Allah kada zafin rai ya sa ka kutsa kwamfutar ofishin albashi ka kwashi fayil ɗin mutane. Ka ba su dalilin korarka a kan faranti ke nan. Lauyanka na iya neman kotu ta sa su fito da jadawalin albashin, in kuma suka ɓoye, sashe na 167 na Dokar Shaida ya ba kotu damar ɗauka cewa abin da aka ɓoye ba zai yi wa mai ɓoyewar daɗi ba.

Kafin kotu, ka rubuta ƙorafi ga ofishin kula da ma'aikata. Kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗayan. In sun ƙi bugawa, ka tura ta imel ko ta kamfanin kai saƙo ka riƙe rasit. Amfanin wannan shi ne gobe ba za su ce ba su sani ba, kuma in takardar tuhuma ta biyo bayan ƙorafinka da mako guda, kowane alƙali ya san warin ramuwar gayya. Takardar tuhumar ma ka amsa ta a rubuce cikin wa'adin da aka ba ka, da ladabi, ba zagi. Wanda ya yaga ta ya taimaki maƙiyinsa.

In zama ya gagara dole sai ka tafi, ka tafi da wasiƙa. Ka rubuta cewa wulaƙancin ranar kaza da kaza, da ƙorafin da ka kai aka yi biris da shi, su suka tilasta maka ajiye aiki. Kotun Ma'aikata tana kallon irin wannan a matsayin kora ce aka yi ta bayan gida. Amma ka rubuta "ina godiya da damar da aka ba ni, na ajiye aiki bisa dalilai na kaina", to ka wanke su tas da alƙalaminka. Haka takardar da ake turo maka ranar biyan haƙƙin sallama, mai cewa ka karɓi komai ba ka bin su bashi. Kada ka sa hannu a tsaye a bakin taga. Kai ta gida, a karanta maka.

Na san me za ku ce. Talaka ina ya ga kuɗin lauya? Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa tana Maitama, ba a biyan ko kwabo don kai ƙorafi. Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ma kyauta ce, sai dai tana son a zo kafin wata goma sha biyu su wuce. Ga ofishin ƙwadago na tarayya, ga hukumar da ke ba marasa hali lauya, ga ƙungiyar ma'aikata in kuna da ita, kuma ita kanta kotun tana da cibiyar sulhu tun 2015. Kuɗin data da aka ƙona a kan bidiyon nan ya isa kuɗin mota zuwa duk wuraren nan. Shari'a tana daɗewa? E, tana daɗewa, wani lokaci shekaru. Haƙurin da kuke ba yaron fa, wata nawa yake ɗauka kafin ya biya kuɗin haya? Masu kamfanin masu kuɗi ne? Shi ya sa suke tsoron takarda mai hatimi fiye da ihu, ihu kwana uku yake yi.

Ba zan yaudari kowa ba. In kamfani mai zaman kansa ne, da wuya kotu ta ce a mayar da kai bakin aiki, ba a cusa wa mai gida ma'aikacin da ba ya so. Diyya ake samu. A da ma kuɗin notis kawai ake bayarwa, wanda a Dokar Ƙwadago bai wuce na wata guda ba ga wanda ya shekara biyar. Yanzu sashe na 19 na dokar kotun ta 2006 ya ba ta ikon yanke diyya, kuma a 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin biyan wata ma'aikaciya albashin shekara biyu saboda korar da aka yi mata ba bisa ƙa'ida ba. Sai dai lauyanka ya ambaci yarjejeniyoyin nan a cikin takardun ƙara tun farko, kuma a wannan kotu da ƙarar da jerin shaidu da bayanansu na rantsuwa da kwafin hujjoji duk tare ake shigar da su. Bidiyo da saƙon WhatsApp kuma sai da takardar shaidar da sashe na 84 na Dokar Shaida ya tanada, mai bayanin na'urar da aka ɗauka da ita, don haka wayar da ta ɗauki bidiyon kada a sayar da ita, kada a goge. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya yi sauri, akwai dokar da ke kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku, kotuna sun sha bamban kan ko tana aiki a rigimar aiki, kada ka zama abin gwaji.

Kuma mu ji tsoron Allah, laifi tudu ne. Dokar da ta hana baƙo ya kira ka dabba ita ce ta hana ɗan ƙasa ya ce "aboki" gadi kawai ya iya, ita ce kuma ta hana Alhaji mai kamfani ya tsallake wanda ya fi cancanta don ba ya jin Hausa ko don sunansa. Mutanen Jos sun fi kowa sanin abin da tambayar "kai ɗan ina ne" ke haifarwa.

Masu wallafa hoton mai zagin da lambar motarsa kuna cewa a je a same shi, ku yi hattara da sashe na 24 na dokar laifukan intanet, da shi ake kwashe mutane daga gida da asuba. Kada mai gaskiya ya kwana a sel wanda ya yi zagin yana gida.

Af, kafin in manta. Wai wane ne ya ɗora waƙar baƙin ciki a kan bidiyon? Na farkon da ya fito ana jin kalmar zagin rangaɗau. Wanda ke yawo yanzu sarewa kawai ake ji, da hoton zuciya a fashe, da sunan wani shafi rubuce a tsakiyar fuskar mai zagin, wai kada a sace masa bidiyo. Bawan Allah, bidiyon naka ne? Wannan ɗabi'a ta ishe ni. Haɗarin mota a hanyar Nyanya, waƙa. Gobara a kasuwa, waƙa. Ranar nan har sanarwar ɓatan yaro na gani an rufe lambar wayar iyayen da sitika.